Sabon dutsen wasa aska ya ƙi kwanciya daidai

Jama'a ku taimaka min. Na sayi dutsen wasa na Japan, samfurin King mai fuska biyu, 1000 (mai ɗan kaushi) da 6000 (mai laushi), don askata. Na ɗauka sabo ba sai an gyara shi ba, ashe tsakiyarsa ya ɗan lotsa: goshin aska da gindinta suna yin kaifi, tsakiya ko gashin hannu ba ta ɗauka.

Don in daidaita fuskar dutsen, na jiƙa shi, na zana masa layuka da fensir don in ga inda bai gogu ba, na shimfiɗa samfefar ruwa mai lamba 220 a kan gilashi ina gogawa. Na kusa awa guda, samfefa biyu sun cinye, layukan tsakiya suna nan daram.

In sauko zuwa samfefa mai lamba 120 ne, wadda ta fi kaushi, ko zai kakkarce fuskar 6000? Ko hannuna ne yake danna gefe? Gefunan dutsen kuma ana ɗan dakushe su?