Musayar Waƙa: Karon Tankoki a 73 Easting

Ɗan Tanka: Salamu alaikum. Na buɗe da karon 26 ga Fabrairu 1991 a 73 Easting, wani layin taswira a hamadar kudancin Iraƙi, lokacin Yaƙin Gulf: tankokin Abrams na Amurka ƙarƙashin Kyaftin McMaster da tankokin T-72 na rundunar Tawakalna ta Iraƙi. Amsa-amo "ra".

McMaster ya ja Abrams tara,
Cikin guguwar yashi da ƙura.
Rundunar Tawakalna ta laɓe bayan tudu,
T-72 a ramuka suna jira.
Minti 23 ana ɓarin wuta,
Tanka 28 ƙurmus, ba saura.

Bakanike:
Ɗan Tanka, ka yabi doki ka bar harawa,
Injin tabain ne, zuƙar iska ba hutawa.
Yashi in ya toshe matatar iskar nan,
Ƙarfi ya faɗi, sai zafi, sai tsayawa.
Galan 500 ne cikinsa, ko a tsaye yake sha yake yi,
Motar mai ta makara, ina batun rugawa?

Hajiya Babba: Allah ya ƙara basira, Bakanike! Wasu ƙarar bindiga kaɗai suka sani.

Malam Na'ibi: A yi a hankali, Hajiya. An ce "ra", ya koma "wa". Ɗangonsa na biyar kuma ya yi wa kari yawa. Wannan ai zube ne.

Bakanike: Allah gafarta Malam, shi Ɗan Tanka wane kari ya hau? In Mutadarik ne, yanka mana mu gani.

Ɗan Tanka:
Mai sifana, riƙe matatarka ka saurara,
Madubin zafi ke hango tanka cikin ƙura.
Leza ta auna nisa, kwamfuta ta saita,
Kibiyar yuraniyom ta fice da ƙara.
Washegari a tudun Madina na Iraƙi, daga kilomita biyu da ɗoriya,
Abrams na samu, na Iraƙi ƙasa yake sara.

Tsohon Saje: Na zo a makare. Ku duka biyun kun bar abin da ya ci rayuka.

T-72 mutum uku ne, inji ke ɗura,
Harsasai ƙarƙashin ƙafafunsu aka tara.
Tartsatsi guda, kan tanka ya yi sama,
Abrams nasa na ɗakin baya, da ƙofa mai tsara.
In sun kama, rufin ɗakin ke fashewa,
Wuta ta bi sama, mutum huɗu su tsira.
Amma madubin nan bai san tuta ba,
Daren karon Norfolk a Iraƙi, Amurkawa nasu suka harba, aka yi asara.

Hajiya Babba: Ina masu kirarin Abrams? Ku amsa baitin Norfolk.

Malam Na'ibi: Saje ya riƙe "ra", sai dai "ƙofa mai tsara" cike gurbi ne kawai. Kai ma Ɗan Tanka, sau biyu ka rufe ɗango da "ƙura", aibi ne. Bakanike, yankan da ka nema yana tafe bayan isha'i, da naka zan fara.