Wa Ya Gina Dalar Gyaɗa?

Ɗan Fagge:

Da sunan Allah nake farawa,
Ku zo 'yan'uwa mu yi tattaunawa,
Dalar buhunan da Kano ke tunawa,
Jirgin ƙasa ne silar tasowa,
A 1912 ya soma jidar gyaɗa.

Jikar Masaƙa:

Yayana tsaya, zancen da gyara,
Dogon da ya taso daga Baro, bakin kogin Kwara, ya haura,
Masaƙun Ingila zare suke jira,
Auduga suka hango tun da aka fara,
Lissafin Bature bai hango gyaɗa.

Suka iske masaƙanmu na kan aiki,
Garin Kura na rini, mabuga na sa sheƙi,
Kuɗin da kasuwar Kurmi ke biya ya fi na baƙi,
Manomi ya kai auduga inda ya ga sauƙi,
Tarago ya koma zaman jiran gyaɗa.

Manomin Bichi:

'Yata, Allah ya yi miki albarka,
Bar ni in ƙara daga bakin garka,
Haraji da tsabar kuɗi aka ɗora wa talaka,
Gero na rumbu, in ka sayar ka halaka,
Dole ka ware fili ka shuka gyaɗa.

Kuma ita, 'yata, ko kasuwa ta faɗi,
A soya, a matse mai, a yi ƙuli mai daɗi,
Harawa ga tumaki, ba asarar kuɗi,
Yunwar 1914 ta bar mana gargaɗi,
Auduga ba ta raba dare kamar gyaɗa.

Ɗan Fagge:

Baba, mai saye fa, kar mu manta,
Turai na neman mai, ta matsu da buƙata,
Sabulu da man shafa burodi ake yi da ita,
Fataken goro irin su Alhassan Ɗantata,
Su suka shiga ƙauye da jari suna awon gyaɗa.

Jikar Masaƙa:

Yaya, mu koma kan jirgin naka,
Buhu ya fi abin da tarago zai ɗauka,
'Yan dako na hawa da kaya a ka,
Aka jera, aka rufa tamfol saboda marka,
Jinkirin jirgi ne ya gina dalar gyaɗa.

Ɗan Fagge:

To wa ya rushe ta? Ni fetur nake zargi,
Yau filin na nan, ba buhu, ba jirgi.

Manomin Bichi:

Ɗana, fetur ya ja samari birni, na gani,
Amma hukumar saye ta danne farashi tun da zamani,
Farin 1973 ya mai da damina rani,
1975 cuta ta nannaɗe ganye, ba magani,
Gona guda ta kasa ba ni irin gyaɗa.