Zanen fuskar da ya hana ka wucewa

Malamin zane, Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wane zanen fuskar mutum ne kuka taɓa tsayawa a gabansa har ƙafa ta ƙi ɗaguwa? Nawa Tutu ne, zanen wata gimbiyar Ife wanda Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, ya zana a 1974. Kwafinsa kawai na sani, rataye a ɗakin da muke koyon zane. Yadda gimbiyar Ife ɗin ta waiwayo ta kafaɗa, wuya dogo, baki a rufe, shi ya sa na ƙi rabuwa da burushi. Ranar da aka sayar da ainihin zanen a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2, sai na ji kamar 'yar gidanmu aka aurar.

Ɗalibi a Ingila: Wa alaikumus salam, Malam. Ni kam nawa zanen Ayuba Suleiman Diallo ne. Na shiga National Portrait Gallery, gidan ajiye zanen fuskokin mutane a Landan, don fakewa ruwan sama, sai ga mutum cikin farar riga da rawani, Alƙur'ani rataye a wuyansa cikin jan gafaka. Wallahi kamar limamin unguwarmu. Bafulatani ne daga Bundu, ƙasar Senegal ta yau. An kama shi a bakin kogin Gambiya, aka sayar da shi bawa a Maryland ta Amurka, ya yi aikin gonar taba, sannan Allah ya kuɓutar da shi. William Hoare ya zana shi a 1733, kuma Ayuba ne ya nace sai da tufafin ƙasarsu. Idanunsa ne suka riƙe ni. Ba roƙo a cikinsu, ba fushi, kallon mutumin da ya san asalinsa ne. Na fi rabin awa a wajen, ruwan ya ɗauke ban sani ba.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi: Ɗan'uwa, ka sa ni ƙwalla. Ni na je Louvre, gidan tarihi a Paris, don ganin zanen Mona Lisa. Ƙarama ce ainun, tsawonta santimita 77, tana bayan gilashi, ga turereniya, kowa ya ɗaga waya. Murmushin yana nan, amma ban samu natsuwar kallonsa ba.

Hajiya, Kano: Yarana, nawa ba ya gidan tarihi. Bayan rasuwar maigidana na kai wa wani yaro mai zane hotonsa na fasfo. Da fensir da gawayi ya yi shi, kwana biyar. Ya ce: "Hajiya, yaya yake dariya?" Na ce ba ya buɗe baki, gefen idonsa na hagu ne ke motsi. Hoton fasfon bai kama wannan ba, amma yaron ya sa shi. A akwati nake ajiye zanen, ba na rataye shi. Jikata da ba ta riske shi ba takan ce, "Hajiya, fito min da Alhaji."