Ƙanena na son takarar majalisar jiha, in ba shi kuɗin fom?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana.

Shekarata goma sha ɗaya ina ɗinki a Jidda, wajen Bab Sharif. Ɗan abin da na tara na ƙarasa ginina ne a gida, don har yau ko rufi ban yi ba. Daren Juma'a sai ga kiran ƙanena, ciki ɗaya, wai zai nemi kujerar mazaɓarmu a majalisar dokokin Kano, in taimaka da kuɗin fom da na zirga-zirga. Malamin firamare ne, shekarunsa 31.

Ya turo min takarda shafi biyu ta WhatsApp. Abin da ya sa gaba: burtsatse a kowace gunduma, magani a asibitin sha-ka-tafi, da bencina a makarantu. Ya ce yaran ajinsa a kan buhun siminti suke zama, ya rubuta ƙorafi har ya gaji, kuma shi siyasa a wurinsa ibada ce. Na shaide shi, abin duniya bai dame shi ba, babur ɗinsa ma sai an tura yake tashi. Amma Hajiyarmu ta ce ba ta so, ni kuma daga nan ko ƙuri'a ba ni da ikon jefa masa. Me kuka gani?

Dattijo, Misfala: Wa alaikumussalam. Ɗana, wannan takarda ta mai neman ciyaman ce. Na yi aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma kafin zuwana nan, na ga irinta da yawa. Ɗan majalisa doka yake yi, ya duba kasafin da gwamna ya kawo, ya tantance kwamishinoni, ya bi sawun kuɗin da aka ware. Su 40 ne a Kano, shi ɗaya ne tal a ciki. Burtsatse sai ta shiga kasafi, bayan ta shiga ma sai gwamna ya ga damar sakin kuɗin. Ka tambaye shi wane kwamiti yake so, na ilimi ko na lafiya? Ran da kwamishinan ilimi ya zo kare kasafinsa, me zai tambaye shi? Ga misali: kuɗin UBEC (hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya) na gyaran firamare, tarayya ba ta sakin kason jiha sai jihar ta ajiye nata daidai da shi. Malamin da ya san wannan, ya iya miƙewa ya ce ina namu, ya fi mai alkawarin rijiya ashirin amfani. In ya yi ta kame-kame, riƙe kuɗinka.

Mai abinci, Sharar Mansur: Baba, gaskiya kuka faɗa, amma talakan ƙauye ina ruwansa da kwamiti? Ran da ya ci, ƙofar gidansa ta zama asibiti: kuɗin magani, ragon suna, kayan ɗaki. In aljihunsa ya bushe wa za a kira? Alhajin Jidda. Sannan ka ce Hajiya ba ta so, ka wuce maganar kamar ba komai ba.

Direba, Jidda: Ɗan uwa, fom shi ne ƙaramin alhaki. A 2022 na APC naira miliyan 2 ne, dokar zaɓe ta shekarar kuma ta yarda ɗan takarar majalisar jiha ya kashe har miliyan 30. Akwai ejan a kowace rumfa, ga fosta, ga mai. Kuma tunda ma'aikacin gwamnati ne, dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. In ya faɗi fa? Ba kujera, ba albashi, iyalinsa sun dawo kanka.

Ɗalibi, Madina: Yayana, kar a kashe masa gwiwa gaba ɗaya. Don matasa aka rage shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25 a 2018. Sai dai "siyasa ibada ce" kowane ɗan takara na faɗa. Ka ba shi abin da ko ya salwanta ba zai ɓata zumunci ba, ka ce masa kyauta ce, ban da bashi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba, na kira shi bayan Isha na yi masa tambayoyinku. Dariya ya yi, ya ce kwamitin ilimi yake so, maganar UBEC kuwa sai da katina ya kusa ƙarewa yana bayani. Na ce to me ya kawo burtsatse a takarda? Wai in babu ita ba mai karantawa. Wannan amsar ce ta tsaya min a rai, ban san ko wayo ba ne ko ya fara koyon halinsu. Na ce zan fara sayen kwanon rufi, abin da ya ragu nasa ne, da sharaɗin Hajiya ta sa albarka da bakinta.

Mai abinci, Sharar Mansur: To ka kira ta da kanka ka ji, kar ka yarda da saƙon "ta amince".