Score, inédit, promo: dan Allah me za mu kira su da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai manya da suka fi ni jin Hausa. Ni dai abin da nake tarawa shine kiɗan da ake sawa a ƙarƙashin fim, ba waƙoƙin ba fa, wannan kiɗan da ke tashi in jarumi ya juya baya zai tafi ko in an tura ƙofa cikin duhu, wanda mutum bai ma san yana jin sa ba sai ya ga tsigar jikinsa ta tashi. A Amurka da Ingila suna ce masa score, mu nan Garwa da muka yi lekol da Faransanci B.O. muka sani. Kuma a cikinsa na fi ƙaunar wanda ba a taɓa fitarwa kasuwa ba, wato inédit, da wanda aka buga don rabawa kawai, wato promo.

Abin da ya taso da zancen, ɗan yayata ne yake taya ni jera kayan a ordinatar, wato kwamfuta, ya ga folda an rubuta inédits sai ya ce Kawu menene wannan, wallahi na fi minti biyar ina kame-kame, in ɗauko Faransanci in haɗa da Fillanci in dawo Hausa, yaro yana kallona. Abin ya dame ni sosai, abin da na shafe shekara ashirin da wani abu ina so ace ba ni da sunansa a bakin da na sha a nono.

Ga yadda na fara tarawa ma, ba da faifai ba. Akwai wani gidan bidiyo a Yelwa lokacin muna yara, mai gidan yana barina in shigo da safe kafin a fara nuna fim, in jingina rediyo mai kaset a jikin lasifikar talabijin, in tura kaset ɗin bidiyo har ƙarshe inda sunaye ke hawa, don nan ne kaɗai kiɗan yake fita tsaf babu magana babu harbi. Har yau ina da guda huɗu daga cikin kaset ɗin nan, a ɗaya ana jin kukan akuya da mai kunu tana talla a ƙofa, kuma ban taɓa son in goge su ba.

To ga kalmomin da na gwada a kan score. Sautin fim bai yi ba, don ƙarar bindiga da takun doki duk sauti ne. Waƙar fim kuwa duk wanda ya tashi da fim ɗin Indiya da na Kano ya san me ake nufi, wadda ake rawa ce. Kiɗan baya ba ya min daɗi a kunne, kiɗan bango kuma kamar an ɗauko maganar Turawa ne an sa mata hula. Wanda zuciyata ta kwanta da shi shine kiɗan rakiya, saboda mai rakiya ba ya shiga gaban baƙo, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi kuma ya san inda zai tsaya ya juya. Me kuka gani?

Na dawo bayan la'asar na tarar da amsoshi, Allah ya saka da alheri. Adda daga Marwa ta ce rakiya na da matsala, don in aka ce wane ɗan rakiya ne ana nufin ba shi da ta cewa, ya zo cika wuri ne kawai. Adda gaskiyarki, ban duba ta nan ba, kuma abin da nake gudu kenan, don akwai fim ɗin da in ka cire masa kiɗan sai ya zama kamar miya ba gishiri.

Amma maganar Baffanmu na Kusiri ce ta zaunar da ni. Ya ce Bahaushe tun asali da aikin da kiɗa ke bi yake sa masa suna, kiɗan noma, kiɗan dambe, kiɗan farauta, kiɗan fada, ba wanda ya taɓa cewa kiɗan rakiyar manoma. Mai gangar noma a wurin gayya idonsa na kan fartanya, in an ɗaga ya ɗaga in an sara ya buga. Baffa ranka ya daɗe, ai haka ɗin ake yi a can ma, ana kafa babban allo a gaban makaɗa sittin ko tamanin, shugabansu yana kallon fim ɗin yana kaɗa hannu, kowa da abin ji a kunne yana ba shi ƙas ƙas ƙas don kar bugu ya kauce wa hoto ko da ƙiftawar ido. Saboda haka na sauka daga kan nawa, kiɗan fim ɗin nan da na raina don ya yi sauƙi shine daidai, waƙar fim daban kiɗan fim daban. Indiyawa ma a gasar fim ta ƙasarsu lambar waƙoƙi daban take da ta kiɗan ƙarƙashi. Rakiya sai mu bar ta a wurin bayani, mu ce kiɗan ya raka wurin mutuwar nan da kyau.

Kuma Baffa ya ba mu kyautar da ban tambaya ba, wato take. Ɗan guntun kiɗan nan da ake ware wa mutum ɗaya a fim, da ka ji shi ka san mugu ya kusa ko da ba a nuna shi ba, ai take ne, kamar yadda kowane sarki da kowane ɗan dambe ke da takensa a kalangu ko tambari, ana bugawa kowa ya san wa ake nufi ba sai an kira suna ba. Taken jarumi, taken mugu, taken soyayya. Wannan kam ba gardama, kamar dama don shi aka yi kalmar.

Yanzu sai inédit, wanda ba a fitar ba. Nan ne na fi son a tsaya a duba da kyau, don sai an san dalilin da ya sa kiɗa ke zama a ɓoye kafin a raɗa masa suna. Ba wai ba shi da daɗi bane. Yawanci kiɗan ba na mai tsara shi bane, na kamfanin fim ne, shi an biya shi ladan aikinsa an sallame shi. Sannan a Amurka ƙungiyar makaɗa tana da doka, in an ɗauki kiɗa don fim kuma aka zo za a buga shi a faifai sai an sake biyan waɗanda suka buga, to ka lissafa mutum tamanin, kamfani ya duba ya ga faifan ba zai mayar da kuɗin ba sai ya sa a ɗaki ya rufe. Shi yasa ƙananan kamfanoni irin Intrada da La-La Land da Varèse Sarabande suke buga kwafi ƙidayayye, sau da yawa 3000, in ya ƙare ya ƙare. Fim ɗin Back to the Future ya fito 1985, duniya ta san takensa, amma cikakken kiɗan da Alan Silvestri ya yi masa sai 2009 Intrada ta fitar, shekara 24 yana kwance.

Wani ƙanena daga Ngaundere ya ce a ce kwantai. A'a ƙanena, kwantai an kai shi kasuwa ne ba a saya ba aka dawo da shi, wannan ko bakin kasuwa bai je ba. Wata ta ce kiɗan kulle, yana da armashi amma ina ganin zai ja zance zuwa wani wuri daban. Ni abin da nake roƙon a karɓa shine kiɗan rumbu. Hatsin da ke rumbu yana da mai shi, ba yasasshe bane, yana nan da ransa ana iya buɗewa ko bayan shekaru a ci, kuma gara na iya cinye shi ko gobara ta lashe, kamar yadda wuta ta tashi a harabar Universal a 2008 ta ƙone ɗimbin faifan asali na mawaƙa da ba su da madadi. Ranar da aka fitar kuma sai mu ce an buɗe rumbu. Na gwada wa ɗan yayata, na ce wannan kiɗan rumbu ne, ya ce wato an ajiye ba a ba kowa ba? Ko sakan biyu bai ɗauka ba.

A cikin rumbun akwai wani iri da yake ba ni tausayi, wanda aka gama shi tsaf sannan darakta ya ce ba ya so. Alex North ya yi wa fim ɗin 2001: A Space Odyssey kiɗa a 1968, darakta Stanley Kubrick ya ajiye shi ya sa kiɗan wasu makaɗan Turai da aka riga aka buga, bawan Allah bai sani ba sai da ya zauna a wurin nuna fim ɗin ya ji babu nasa ko ɗaya. Sai 1993 abokinsa Jerry Goldsmith ya tara makaɗa suka sake bugawa, lokacin North ya riga ya rasu, ainihin nasa ɗaukar kuma sai 2007 ta fito. Haka aka yi wa Gabriel Yared a fim ɗin Troy a 2004. Wannan na rubuta masa korarren kiɗa a folda, in akwai wanda ya fi shi ina saurare.

Sai promo. Mutum uku sun ce faifan talla, amma talla ai kaya ne a tire ana neman mai saye, wannan kuwa a jikinsa ake rubuta cewa ba na sayarwa bane. Guda ɗaya tak nake da shi na gaske, wani abokina ya tsinto min a cikin buhun faifan gwanjo a Duwala, sefa 500 ya biya, farar ambulan ta kwali babu hoto babu komai sai sunan fim da na mai kiɗa da baƙin rubutu, da lambar wayar ofis a ƙasa. Ina ajiye shi a tsakiyar kaya cikin akwati saboda zafin watan uku na Garwa ba ya barin faifai, ƙurar hunturu kuma ta karce shi.

Iri biyu ne na sani. Akwai wanda mai kiɗan ko wakilinsa ke bugawa kaɗan ya aika wa daraktoci don su ji hannunsa su ba shi aiki, akwai kuma wanda a da kamfanin fim ke aika wa masu jefa ƙuri'ar Oscar, babbar lambar yabon fim ta Amurka, da makamantanta a ƙarshen shekara. Goggo daga Njamena ta ce ai wannan na biyun kamun ƙafa ne ƙarara, na ji daɗin wannan sosai. Ni kuma na ce duka biyun a kira su faifan gaisuwa, don gaisuwa ita ce abin da kake riƙewa a hannu in za ka je gaban babba, ba ciniki bane amma kowa ya san kana da buƙata. In ana son bambancewa sai a ce gaisuwar neman aiki da gaisuwar kamun ƙafa. Wanda ake kai wa gidan rediyo mai guntaye uku ko huɗu kuwa ɗanɗano ne, kamar na mai kilishi.

Goggo ta kuma tuna min abin da bai kamata in manta ba, cewa rumbun ba a Amurka kaɗai yake ba. Wasis Diop na Senegal shi ya yi kiɗan Daratt da Un homme qui crie na Mahamat-Saleh Haroun ɗan Chadi, na biyun ya ci lambar alƙalai a gasar fim ta Kan a Faransa a 2010, namu Manu Dibango kuma shi ya yi wa darakta Sembène na Senegal kiɗan fim ɗin Ceddo a 1977. Sannan ga yaran da ke zaune da piyano a situdiyo a Kano da nan Garwa suna yi wa finafinan Hausa kiɗa, waƙoƙin suna yawo a waya, amma kiɗan ƙarƙashin yana cikin kwamfuta ɗaya, ranar da ta mutu shikenan. Dan Allah duk wanda ya san mai irin wannan aikin ya ce masa ya kwafa a wuri biyu, ko a kile ne, wato flash.

To yanzu na sake wa foldoji suna, kiɗan fim, take, kiɗan rumbu, korarre, faifan gaisuwa, ɗanɗano. Saura ɗaya da har yanzu ke ɗauke da sunan Turanci, bootleg, wanda wani ya zaro daga rumbu ba da izinin mai shi ba, ko ya tace shi daga lasifikan baya na DVD inda magana ba ta cika fita ba, ya buga yana rabawa a ɓoye. Jabu bai dace ba don kiɗan na gaske ne, hanyar fitowarsa ce ba daidai ba. Ɗan yayata ya ce kiɗan zuwa-zuwa, kamar fetur ɗin kwalba na bakin titi, mu nan kowa zai gane amma ina tsoron ɗan Kano ko ɗan Damagaram ba zai san me ake nufi ba. Baffa, Adda, 'yan uwa na Najeriya da Nijar da ke nan, ku ya kuke ce wa kayan gaske da ya biyo ta ɓarauniyar hanya?