Ta ina zan fara koya wa yara darasin yanayi?

Malamar firamare, Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni 'yan aji shida in koya musu yanayi, ga damina ta kankama, littafin kuma zane ne kawai. Wa ya san shirin da zan dogara da shi?

Malamin labarin ƙasa, Zariya: Wa alaikumus salam, Malama. Ki nemi shirin GLOBE, wanda aka fara a 1995 da tallafin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Yara ne da kansu ke duba gajimare, su auna ruwan sama da zafi, a tura abin da suka samu. A manhajarsu ta GLOBE Observer ana ɗaukar hoton sama, a gwada shi da abin da tauraron ɗan'adam ya hango.

Tsohon hedimasta, Katsina: Shirin yana da kyau, Malam, amma ba kowace makaranta ke da waya da data ba. 'Yata, fara da gorar roba ki yi ma'aunin ruwan sama. Ki yanke wuyanta, ki kifa shi ciki kamar mazurari. Ki zuba tsakuwa a gindi kada iska ta kayar da ita, ki ƙara ruwa ya rufe tsakuwar. Nan ne sifili, nan za ki manna rula. A ajiye ta a fili, nesa da indararo da bishiya, a karanta kullum da safe a lokaci guda. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan murabba'in mita ɗaya. Gorarmu, akuya ta taɓa ture ta, sai da muka kewaye ta da ƙaya. Kafin kaka, iyaye ne ke tsayar da yaran a hanya suna tambayar ruwan jiya nawa ne.

Malamar kimiyya, Kano: Gaskiya ne, Baba. Ki haɗa da hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa kowace shekara, akwai na Hausa. Yara su gwada shi da abin da gorarsu ta nuna. In hunturu ya shigo, ki nuna musu kwarin Bodele a taswirar Chadi, inda ƙura mai yawa ke tasowa.

Malamar firamare, Gusau: Allah ya saka da alheri. Baba, gindin gorarmu ba shafaffe ba ne, tsakuwar za ta gyara?

Tsohon hedimasta, Katsina: Aikinta ke nan. Sifilin dai ya zauna inda jikin gorar ya miƙe sambal.