Tocilata sai ƙarjewa take yi, wane irin jiki zan nema?

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawarar masana. Gadin dare nake yi, tocila kuma a aljihu ɗaya take kwana da makullai. Wadda na saya bara ta alminiyam ce, an rubuta HA III a kwalinta, wato baƙin launinta an gina shi ne a jikin ƙarfen da lantarki, kauri kusan maikiron 50 (kashi ɗaya cikin ashirin na milimita), ba fenti ba. Amma ko wata huɗu ba a yi ba, gefen kanta da gindinta suka yi fari tas. Tsakiyar kuwa lafiya lau.

Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Fenti aka shafa aka yi min ƙarya, ko kuwa haka na gaskiyar ma yake ɓarewa a kusurwa idan ta faɗi kan siminti? Akwai hanyar gane bambancin ba tare da na ƙara lalata ta ba?

Wani abokin aikina ya ce in sayi ta titaniyam, sai na ji ita ma tana saurin yin zane, sai dai ana iya goge shi. Ta baƙin ƙarfe marar tsatsa kuma nauyi ne matsalarta. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu shekara guda cikin ƙura da yashi, don Allah ya faɗa min yadda ta kasance.